Ƙari a cikin zuciya: wa ya taɓa jin irin wannan?

Maman Hanifa, Marwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin asibiti ku taimaka mana da shawara. Yayana ne, shekararsa 43, ɗan kasuwa, mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba. Tun bayan ƙaramar salla numfashi yake masa wuya, ƙafafu suka kumbura, dare ya yi sai jiki ya ɗau zafi. Aka yi masa eko, wato hoton zuciya da na'ura mai amfani da sauti ke ɗauka, aka ce ruwa ne ya taru a jakar da zuciya take ciki. Da aka zuƙo ruwan, duk jini ne. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka. Yana cikin sha ruwan ya dawo, aka sake zuƙa. Yanzu wani likita daban ya sake duba shi, ya ce ya ga ƙari a ɗakin sama na dama na zuciyar, kuma yana tsoron sankara ce. Dama zuciya tana yin sankara? Me ya kamata mu yi?

Baffa Direba, Kusuri:
Subhanallahi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni dai da tsufana na ji sankarar mama, na ji ta hanta, na ji ta mahaifa, amma ta zuciya yau na fara ji. 'Yata, kada ku zauna a kan maganar mutum ɗaya. Akwai mai maganin gargajiya a wajen Mora da ke jiƙa wa masu kumburi saiwa, mutane na yabonsa.

Majo, Garwa:
Baffa, ku yi haƙuri, wannan ba kumburin da ake jiƙa wa saiwa ba ne. Ruwan nan yana matse zuciya ne daga waje har ta kasa cika da jini. Duk abin da zai sa shi yawan fitsari ko gudawa zai iya kayar da shi nan take. Ko Lasilix, maganin sa fitsari na asibiti, ma ba a ba mai irin wannan ruwan sai likita ya duba da kyau. Maman Hanifa, ki kula: in kika ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, bugun zuciya ya yi sauri, yana gumi mai sanyi ko jiri, ko tsakar dare ne ku kai shi a zuƙe ruwan. Kada a jira gari ya waye.

Baffa Direba, Kusuri:
To Majo, na ji. Ni taimako na nufa.

Dokta, Yawunde:
Wa alaikumus salam. Hajiya, sannu da jinya. Ban ga majinyacin ba, ban ga hotunansa ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne kawai, likitan da ke riƙe da shi ne mai yanke magana.

Baffa bai yi laifi ba da ya ce bai taɓa ji ba. Likitoci da yawa suna gama aikinsu su yi ritaya ba su ga ko ɗaya ba. A binciken gawa da aka daɗe ana yi a ƙasashen da suke yinsa, ƙarin da ya tsiro daga zuciyar kanta bai cika wuce mutum 2 ko 3 cikin 10,000 ba. A cikin waɗannan ma kusan kashi 3 cikin 4 ba sankara ba ne. Wanda aka fi gani a manya sunansa miksoma, yawanci a ɗakin sama na hagu yake, in aka cire shi mutum ya warke. Tun 1954 wani likita a Suwidin mai suna Clarence Crafoord ya cire irinsa, matar ta rayu shekaru masu yawa.

Ragowar kashi 1 cikin 4 su ne mugaye, kuma mafi yawansu dangin sarkoma ne, wato sankarar tsoka da naman da ke ɗaure sassan jiki. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne anjiyosarkoma, mai tsirowa daga tantanin hanyoyin jini. Ba zan ɓoye miki ba: ya fi son ɗakin sama na dama, ya fi kama maza masu shekara 30 zuwa 50, kuma yakan fara bayyana da ruwa mai jini a jakar zuciya. Shi ya sa likitan nan ya ji tsoro, kuma tsoronsa na kan hanya.

Amma ƙari a wannan ɗakin ba shi kaɗai ne bayani ba. Sankarar da ta taso daga wani wuri ta zo zuciya ta ninka wadda ta tsiro a zuciya sau 20 ko fiye: daga huhu, daga mama, daga ƙoda. A arewacin Kamaru kuwa dole a fara tuna hanta, domin fiye da mutum 1 cikin 10 na manyanmu yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma sankarar hanta tana iya bin babbar jijiyar da ke hawa daga ciki ta leƙo har cikin ɗakin dama. Akwai limfoma, sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, ita ma dama take so. Akwai gudan jini kawai da ya daskare. Akwai ƙullin tarin fuka. A wajen masu kiwo da karnuka har ƙunshin tsutsa ana samu, ko da yake da wuya. Kowanne maganinsa daban, kuma eko kaɗai ba zai raba su ba.

Ɗan Liman, Gidar:
Ni abin da ya ɓata min rai, ta yaya za a sa mutum shan maganin tibi alhali ba shi ne da shi ba? Wannan ai sakaci ne. Da a Turai ne da an kai su kotu.

Dokta, Yawunde:
Ɗan Liman, a nan ban bi ka ba. A ƙasashenmu na kudu da Sahara, in ka ga babban ruwa a jakar zuciya, tarin fuka ne ya fi kowace cuta haddasa shi, musamman ga masu cutar ƙanjamau. Ruwan tibi ma sau da yawa da jini yake fitowa, kuma gwajin tibi na GeneXpert a kan ruwan yana iya cewa babu alhali akwai. Likitan da ya fara maganin tibi ya bi abin da ya fi yawa ne, kuma da wannan hukuncin ake ceton rayuka kullum. Ni ma da shi zan fara. Inda ake faɗawa rami shi ne a ci gaba da maganin ido rufe bayan ruwan ya dawo da sauri, mutum yana ramewa, ba a sake ɗora na'urar eko an leƙa bangon zuciyar da kyau ba. A nan an sake dubawa, an gani. Saura a yi sauri.

Ɗan Liman, Gidar:
Ku likitoci dama ba kwa ganin laifin junanku.

Majo, Garwa:
Ɗan Liman, baiwar Allah shawara ta zo nema, ba shari'a ba. Ka bari mu gama da mai rai tukuna.

Alhaji Mai Atamfa, Injamena:
Ni ban iya dogon turanci ba. Hajiya, ku haɗa kuɗi ku fitar da shi Indiya ko Tunisiya ko Masar. In akwai fili a sayar, in akwai shanu a kaɗa su kasuwa. Dukiya ana samunta, rai ba a sake shi. Na kai mahaifiyata waje an yi mata aikin zuciya, ga ta nan tana jan carbinta. Duk ranar da kuka ƙara a nan asara ce.

Ɗalibar likitanci, Garwa:
Dokta, don Allah tambaya. An koya mana cewa ƙwayoyin naman zuciya suna daina rabuwa tun mutum yana ƙarami, abin da ke sabuntuwa bai fi kashi 1 cikin 100 a shekara ba, shi ya sa sankara ba ta cika kama ta ba. To in haka ne daga ina sarkoma ke fitowa? Kuma na karanta cewa a Houston ta Amurka suna ciro zuciyar gaba ɗaya, su yanke ƙarin a kan tebur, su mayar da ita. Ba za a iya yi masa haka ba?

Dokta, Yawunde:
Ƙanwata, kin riƙe karatunki. Zuciya ba tsoka ce zalla ba, akwai hanyoyin jini a cikinta, akwai tantani, akwai naman da ke ɗaure sassanta, kuma waɗannan suna rabuwa. Daga nan sarkoma ke tashi. Aikin da kika faɗa gaskiya ne, Denton Cooley ya ba da rahoton yinsa a 1985, daga baya Michael Reardon da abokan aikinsa suka mayar da shi hanyar cire sarkoma. Amma an fi yinsa ne don ƙarin da ke ɗakin hagu, wanda ke can baya inda hannu ba ya kaiwa. Ɗakin dama a gaba yake. Ana iya yanke bangonsa a yi faci da tantanin zuciyar saniya da aka sarrafa, zuciyar tana wurinta.

Alhaji, ina girmama maganarku, amma ku bari in ja da ku kaɗan. Aikin da aka yi wa Hajiya mahaifiyarku mai yiwuwa na ƙofar zuciya ne ko na jijiya, an gyara, an gama. Wannan daban ne. Kafin a sayar da ko akuya, a san sunan abin. In limfoma ce, ba a ma buƙatar tsaga ƙirji, shimiyo ake yi, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, haɗin da ake kira R-CHOP, kuma ƙarin yakan narke, wasu su warke sarai. Ana yin wannan a Yawunde da Duwala. In miksoma ce ko gudan jini, labari ya yi daɗi. In daga hanta ta taso, tsaga zuciya ba zai tsinana komai ba. In anjiyosarkoma ce, sai a tambaya: ta bazu ko ba ta bazu ba? Domin da yawa daga cikin masu ita, ranar da aka gano, ta riga ta bazu, galibi zuwa huhu. Wanda ta kai masa huhu, ko ina aka kai shi a duniya ba za a ce masa tiyata za ta warkar da shi ba.

Na ga iyalai sun sayar da gida sun tafi, a can aka yi musu sikana, wato hoton cikin jiki na CT, irin wanda za a iya yi a Garwa, aka ce su koma gida. Suka dawo ba gida, ba kuɗin shimiyo, ba na makarantar yara.

Alhaji Mai Atamfa, Injamena:
Dokta, kai ma ka san kayan aikinsu ba irin namu ba ne. Ni in ɗan'uwana ne, gara in yi asarar gidan in san na yi iyakar ƙoƙarina.

Abba Tela, Gaundare:
Alhaji, ku tuna Virgil Abloh. Mu teloli mun san shi. Iyayensa 'yan Ghana ne, shi ne ya kafa Off-White, ya shugabanci ɗinkin kayan maza a Louis Vuitton. An gano masa wannan anjiyosarkoma ta zuciya a 2019, ya rasu a Nuwamba 2021 yana da shekara 41, a Amurka. Wane asibiti ne ya fi ƙarfin aljihunsa?

Alhaji Mai Atamfa, Injamena:
To ai ka ba ni hujja, Abba. Shekara biyu ya samu yana aikinsa. Da a ƙauyenmu yake, wata nawa zai yi? Shekara biyu da 'ya'yanka ba abin rainawa ba ne.

Dokta, Yawunde:
Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma ba na so a fahimce ni a karkace. Ban ce kada a fita ba. In ba a yi komai ba, ko aka yi magani ba tiyata, yawancin masu sarkomar zuciya ba sa wuce wata 6 zuwa shekara 1. In aka samu aka cire ta duka, gefen yankan ya fita tsaf, aka haɗa da shimiyo, lokacin yana ƙaruwa sosai, wasu su yi shekaru. Waɗanda ke kai shekara 5 dai ba su da yawa, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Don haka in sikana ya nuna ba ta bazu ba, kuma iyali suna da hali, to wannan ne mutumin da ya cancanci a kai shi inda suka saba da aikin, kuma da wuri. Abin da nake ƙi shi ne a hau jirgi ba a san me ake kaiwa ba. Ballantana ma mai ruwa a jakar zuciya ba ya hawa jirgi sai an zuƙe an tabbatar ya daidaita.

Ana fara shimiyo wani lokaci kafin tiyata don ƙarin ya ragu. Magungunan su ne doksorubisin da ifosfamid, ko kuma paklitaksel da ake bayarwa mako-mako, wanda anjiyosarkoma ke ji. Doksorubisin kuwa ita kanta tana raunana zuciya, akwai adadin da ba a wucewa a tsawon rayuwar mutum. Gashi da haske ma ana yi, amma da taka-tsantsan saboda zuciya da huhu suna ƙonewa. Dashen sabuwar zuciya an gwada, sai dai cutar takan dawo a wani wuri, shi ya sa ba a cika yi ba.

Gwaggo, Kusuri:
Da can mutanenmu na Cadi da Kusuri Khartum suke zuwa, asibitin Salam na Italiyawa, kyauta ake aikin zuciya. Ɗiyar maƙwabciyata can aka canja mata ƙofar zuciya. Yanzu fa?

Majo, Garwa:
Gwaggo, asibitin Salam ƙungiyar Emergency ce ta buɗe shi a 2007, ya taimaki mutanen ƙasashe da yawa, amma yawancin aikinsa na ƙofofin zuciya ne da ciwon da aka haifi yara da shi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 hanyar nan ba ta majinyaci ba ce. A Kamaru akwai cibiyar zuciya ta Shisong kusa da Kumbo, wadda aka buɗe a 2009, ita ma rikicin yankin masu turancin Ingilishi ya sa zuwa can ya yi wuya. Babban asibitin Duwala da na Yawunde su ne inda aka fi tura mutanenmu. Likitansa ya rubuta takardar turawa, kuma ya kira wanda zai karɓe shi kafin ku tashi. Kada ku sauka tashar jirgin ƙasa a Yawunde kuna tambayar 'yan acaɓa ina likitan zuciya.

Maman Hanifa, Marwa:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Akwai wata matsala kuma. Innarmu ta ce duk wanda ya gaya masa sunan ciwon bai kyauta mata ba, wai zuciyarsa za ta karye. Shi kuma kullum tambayata yake me likita ya ce. Ina ta ce masa ruwa ne.

Malam, Garwa:
Hajiya, Inna uwa ce, tausayi ne ya sa ta faɗi haka, a bi ta a hankali. Amma ɗan kasuwa mai shekara 43 yana da bashin da ake binsa da wanda yake bi, yana da amanar mutane a shago, yana da iyali. Haƙƙinsa ne ya san halin da yake ciki don ya rubuta wasiyya ya warware abin da ke wuyansa, kuma rubuta wasiyya ba ya kawo ajali. Ba a ce a je a ce masa kwanansa ya ƙare ba, wannan sanin Allah ne. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, don haka a nema da gaske. Amma ƙarya ga mai hankali da ke tambaya, ba na goyon baya.

Gwaggo, Kusuri:
Malam, ku maza kuna faɗa da sauƙi. Ni na yi jinyar miji. Ranar da aka gaya masa, ranar ya daina cin abinci.

Majo, Garwa:
Gwaggo, Allah ya ji ƙansa. Abin da na gani a ɗakin majinyata, yawancinsu sun riga sun sani. Mutum yana ganin ana raɗa a bakin ƙofa, yana ganin idon matarsa. Sai ya yi shiru don kada ya tayar da hankalinku, ku ma ku yi shiru don kada ku tayar da nasa. Yadda ake faɗa shi ne magana. Yanzu dai babu ma sunan da za a ɓoye. A ce masa an ga ƙari, ana so a ɗebo a duba, domin ba za a taɓa jikinsa ba sai da yardarsa. Sauran kuma a bar shi ya tambaya gwargwadon abin da yake so ya ji. Kuma ko me sakamakon ya nuna, zafi da ƙuncin numfashi suna da magani. Morfin ba allurar kisa ba ce kamar yadda ake yaɗawa, in likita ya auna ta mutum yana barci yana salla yana hira da 'ya'yansa.

Ɗan Liman, Gidar:
Ni har yanzu ban gane ba. An zuƙi ruwa har sau biyu, me ya hana a duba ruwan a san ko sankara ce?

Dokta, Yawunde:
Wannan tambaya ce mai kyau. Ana dubawa, kuma in ba a duba ba a duba na gaba. Sankarar huhu ko ta mama ko limfoma sukan zubar da ƙwayoyinsu a ruwan a gani. Anjiyosarkoma kuwa sau da yawa jini kawai take zubarwa, sai sakamako ya fito babu komai, iyali su yi murna a banza. Shi ya sa ake buƙatar tsokar kanta.

Hajiya, ga yadda zan bi da a hannuna yake. Sikana na ƙirji da ciki tare da allurar da ke haska jijiyoyi, bayan an duba ƙodarsa. Wannan zai nuna girman ƙarin, ya nuna huhu, ya nuna hanta da babbar jijiyar. Gwajin ƙanjamau, gwajin cutar hanta B da C, da gwajin AFP na sankarar hanta. In an samu IRM na zuciya, wato hoton MRI, ya fi kowane hoto bambance ƙari da gudan jini, amma kada a tsaya jiransa. Sai biyofsi, wato ɗibar 'yar tsokar a duba. In sikana ya nuna wani ƙulli a wuya, a hammata, a hanta ko a gefen huhu, daga nan ake ɗiba, ya fi sauƙi da aminci. In babu, to ko ta jijiyar wuya ko ta cinya a zura siririn bututu har ɗakin dama, ko kuma a yi wa jakar zuciyar 'yar taga a ƙasan ƙirji, ruwan ya daina taruwa, a ɗebi nama a lokaci guda.

Abu biyu ki tambayi likitansa gobe. Na farko, yana shan prednisolon? Ana haɗa shi da maganin tibin jakar zuciya, kuma yana iya narkar da limfoma na ɗan lokaci har biyofsi ya ruɗe. Kada ku tsayar da kanku, tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne, likita ne zai tsara. Na biyu, an ba shi maganin tsinka jini da zaton gudan jini ne? Mai ruwa mai jini a jakar zuciya, wannan maganin sai an auna shi da kyau.

Abba Tela, Gaundare:
In za ku bi ta jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ku nemi ɗakin kwanciya, kada ya kwana a zaune. Hanyar Marwa zuwa nan ma doguwa ce ga mai haki, ku yada zango a Garwa. Gidana a buɗe yake in kun iso.

Ɗalibar likitanci, Garwa:
Dokta, in aka ɗebi naman a nan arewa fa, shi majinyacin bai iya tafiya ba?

Dokta, Yawunde:
Sai naman ya yi tafiyar. A saka shi nan take cikin formol mai kashi 10, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, ruwan ya rufe shi sosai, ba ruwan gishiri ba, kuma ba a sa shi a firiza. Wani ɗan yanki daban a ajiye shi ba formol don gwajin tibi, domin formol yana kashe ƙwayar. A rubuta a takardar cewa ana zargin sarkoma ko limfoma, ana neman gwajin rini na musamman: CD31 da ERG na anjiyosarkoma, CD20 na limfoma. Cibiyar gwaje-gwaje ta Centre Pasteur tana da reshe a Garwa, ku tambaye su yadda ake aikawa Yawunde. In sakamako ya fito, ku roƙi a ba ku dunƙulen kakin da naman ke ciki, da faifan hotunan sikana, ba takardar bayani kaɗai ba. Waɗannan ake fara aika wa likitocin waje su duba su ce a kawo shi ko kada a kawo, tun kafin a nemi biza.

Alhaji Mai Atamfa, Injamena:
To in haka ne na yarda a fara aika kakin. Hajiya, kuɗin sikana da na aikawa ki bar min, ki yi min magana ta gefe.